Hawan dutse na rabin yini a Kolorado cikin Afrilu: ina za a kai baƙo daga Kano?

Wani ɗan'uwa mazaunin Aurora, kusa da Denba a jihar Kolorado ta Amurka, ya aiko da tambaya. Yayansa zai zo daga Kano a tsakiyar Afrilu, kwana goma kaɗai zai yi. Yana so ya kai shi cikin duwatsu ranar Asabar, su fita bayan Asuba su dawo gida kafin La'asar. Ya ga hotunan tafkin Emerald Lake sun burge shi, sai dai an ce masa har yanzu dusar ƙanƙara na kwance a kan hanyar. Su je can, ko akwai inda ya fi?

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya kawo Yaya lafiya. Ka ajiye Emerald Lake a gefe tukuna. Ranar Asabar ɗin farko ka kai shi Mount Sanitas da ke bakin garin Boulder. In jikinsa ya karɓa, kuma yana da sauran kwanaki, to Gem Lake a fita ta biyu. Shekaru na yi ina jagorantar mutane a waɗannan turbobin, kuma Afrilu ne watan da na fi ganin an yi kuskuren zaɓe, domin mutum na zaɓar wuri ne da hoto, hoton kuwa galibi a Yuli ko Agusta aka ɗauka. Sunayen wuraren zan bar su yadda suke rubuce a allunan hanya domin ka iya nemansu a taswira.

Abin da suke kira bazara a nan, daga Maris zuwa Mayu, sunan kawai ya haɗa ta da tamu. A Denba, Maris ne watan da dusar ƙanƙara ta fi zuba a shekara, Afrilu na biye da shi. A watan Maris na 2003 an yi zubar da ta kai kusan santimita 80 a cikin birnin cikin kwana uku. A can sama kuwa, tarin dusar da ta kwanta tun Nuwamba ba ta kai ƙarshen kaurinta sai wajen farkon Afrilu. Wato ranar da kake yawo da riga ɗaya a Aurora, furanni sun fara fitowa a ƙofar gidanka, a ranar ce dusar da ke Bear Lake, mafarin hanyar Emerald Lake, ta fi ta Janairu zurfi. Mutane da yawa sun daɗe a jihar ba su san wannan ba.

Abu biyu ke nuna maka halin da turba ke ciki tun kana gida: tsayinta, da kuma inda gangarenta ke kallo.

Na tsayi mai sauƙi ne. Duk mita 1,000 da ka hau, iska na ƙara sanyi da kimanin digiri 6 da rabi. Denba na kan mita 1,609. Bear Lake, inda ake ajiye mota a kama hanyar Emerald Lake, na kan mita 2,888. Bambancin ya kai digiri 8, ban da iskar da ke kaɗowa daga saman duwatsu. A tsakiyar Afrilu, abin da ke ƙasa da mita 2,100 galibi ƙasa ce busasshiya ko laka, sai ƙanƙara jefi-jefi a inuwa. Daga nan zuwa wajen mita 2,700 gauraye ne, wani wuri tsakuwa wani wuri santsi. Abin da ya haura haka hunturu ne sosai, kuma zai kasance haka har cikin Mayu, wasu wuraren har Yuni. Babbar hanyar mota ta Trail Ridge, wadda ke haurawa mita 3,713 a gandun daji na Rocky Mountain, inda Bear Lake da Emerald Lake suke, ba a buɗe ta sai ƙarshen Mayu saboda wannan dalili.

Na biyun shi ne wanda mu da muka taso a ƙasar Hausa ba mu saba tunaninsa ba, kuma da dalili. Kano na kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Da tsakar rana, rana bisa kai take, a ƙarshen Afrilu ma cak take tsayawa, inuwarka na ƙarƙashin ƙafarka. Ko ta wane gefe ka hau Dala, rana ɗaya ce ke dukanka. Boulder kuwa na kan digiri 40, har titin Baseline da ke kai ka filin shaƙatawa na Chautauqua a kan wannan layin aka shimfiɗa shi. A nan rana ba ta taɓa hawa bisa kai, kullum ta kudu take ratsawa. Gangaren da ke kallon kudu na shan rana tun safe har yamma, dusar da ta zuba masa kan narke cikin kwana biyu ko uku. Gangaren da ke kallon arewa, ko kwazazzabon da dogayen itatuwa suka rufe, na iya riƙe ƙanƙara makonni bayan nan. Dutse ɗaya ne, tsayi ɗaya ne, amma gefe guda kana tafiya kan ƙasa, ɗaya gefen sai ka dafa. Saboda haka in ka buɗe taswira, kafin ka duba nisan turba, duba ko ta bi doron dutse ne a fili ko ta shige cikin kwari, sannan ka duba wace nahiya take fuskanta.

Wannan ne ya sa na ce Sanitas. Ana kama ta daga ƙarshen titin Mapleton ta yamma. Hawan na bin doron dutsen ta kudu, a fili, itatuwa ba su da yawa, rana na bugunsa. Ƙololuwar na kan mita 2,092, zagayen duka kimanin kilomita 5 ne, hawan kuma wajen mita 400. Kada ƙanƙantar lambobin ta ruɗe ka, hawa ne mai tsauri, matakala ce ta duwatsu da gungume, za ku yi haki. Amma hakin a kan busasshiyar ƙasa za ku yi shi, kuna iya tsayawa duk inda kuka ga dama, kuna iya juyawa ba tare da wata wahala ba. Daga sama Yaya zai ga Boulder a ƙarƙashinsa, fili ya miƙe gabas har inda ido ya ƙare, ta yamma kuma ga fararen duwatsu jere. Zai ga dusar ƙanƙara da idonsa, zai ma taɓa ta a gindin wani dutse, ba tare da ya kwashe sa'o'i yana kokawa da ita ba. Wurin da za ku kula shi ne saukowa ta gefen gabas. Akwai 'yan lunguna masu inuwa a saman da kan riƙe ƙanƙara. In kun leƙa kun ga tana sheƙi, ku koma ta inda kuka hau.

Ga lissafin lokaci da nake amfani da shi, wanda wani mahayin duwatsu ɗan Sikotlan, William Naismith, ya tsara a 1892: sa'a ɗaya ga kowane kilomita 5, a ƙara sa'a ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Sanitas ke nan sa'a ɗaya da minti 40 ga wanda ya saba. Ga baƙo, ka ƙara rabin wannan, ya zama sa'a biyu da rabi. In akwai dusa mai laushi a turba, ninkawa nake yi gaba ɗaya. Daga Aurora zuwa Boulder bai cika wuce sa'a ɗaya ba da safiyar Asabar. Ku fita ƙarfe 6 da rabi, ku fara hawa kafin 8 tun wurin ajiye mota bai cika ba, ku sauko wajen 10 da rabi, Azahar a gida za ta same ku. Wannan shi ne rabin yini na gaskiya. Bear Lake kuwa kusan sa'a biyu ce a mota zuwa, biyu dawowa. Kafin ku ɗaura takalmi an cinye sa'a huɗu daga rabin yinin naku.

Za a ba ka shawarar Royal Arch, domin a Boulder take ita ma, nisanta da hawanta kusan ɗaya da Sanitas, kuma ta fi kyau a hoto. A Afrilu ba na kai sabon mutum can. Turbar na bin kwazazzabo mai inuwa, dubban ƙafafu sun danne dusar, rana ta narkar da samanta, dare ya daskarar, har ta zama kamar gilashi a kan matakala mai gangare. Hawa kan yiwu, saukowa ce ke karya mutane. Haka Fern Canyon da ke kai wa Bear Peak. Waɗannan na wanda ya saba ne kuma yake da sarƙar takalmi, wadda ake sawa a ƙasan takalmi don hana santsi.

Yanzu maganar da ta fi damuna a tambayarka, wadda ba ka yi ta ba: jikin Yaya. Kano ba ta kai mita 500 ba. Dutsen da ya fi kowanne tsayi a Nijeriya, Chappal Waddi a Taraba, mita 2,419 ne. Wato wurin ajiye mota na Bear Lake ya fi duk wani wuri da ƙafa za ta iya takawa a ƙasarmu tsayi da sama da mita 400, Emerald Lake kuma ta haura mita 3,000. A wannan tsayin, iskar da mutum ke shaƙa a numfashi ɗaya ta ragu da kusan kashi 30 cikin ɗari idan aka kwatanta da bakin teku. Ciwon tsayi kan fara kama mutane daga wajen mita 2,500: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala. Bai san ƙarfi ba, na ga ya kwantar da matasa 'yan ƙwallo ya bar dattijo. Maganinsa saukowa. Shi ya sa nake so Yaya ya kwana uku ko huɗu a Aurora yana 'yar tafiya a unguwa, yana shan ruwa sosai, kafin a kai shi ko'ina.

Sannan ka tambaye shi rukunin jininsa, AA ne ko AS. Na san tambaya ce da muka saba ji sai ana maganar aure, amma a nan tana da muhimmanci. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya na ɗauke da AS, kuma mafi yawansu suna zuwa Kolorado su koma lafiya lau. Sai dai ƙarancin iska da aikin ƙarfi da ƙishirwa in sun haɗu, jinin kan iya toshewa a saifa. Ryan Clark, ɗan wasan ƙwallon Amurka na ƙungiyar Pittsburgh Steelers, mai AS ne. Bayan wani wasa a Denba a 2007 ya kamu da wannan, sai da aka cire masa saifa da matsarmama. A cikin birni ke nan, a mita 1,609, ga mutum mai cikakken horo. In Yaya AS ne, ku yi tafiyar a hankali, ku tsaya ƙasa-ƙasa, ya yawaita shan ruwa. In ya ji ciwo mai tsanani a gefen hagu na ciki ƙarƙashin haƙarƙari, ko ciwon ya haura kafaɗar hagu, kada a ce ƙwarnafi ne a jira ya wuce, a sauko a nufi asibiti a gaya musu AS ne. In kuwa yana da sikila, ko hawan jini da bai daidaita ba, ko ciwon zuciya, likita ne zai ce a je ko kada a je, ba ni ba.

To, a ce komai lafiya, Sanitas ta yi daɗi, kuna son ƙari. Gem Lake na cikin gandun Rocky Mountain, amma ta gefen Lumpy Ridge, arewa da garin Estes Park, ana shiga ta titin Devils Gulch. Gangaren na kallon kudu, duwatsun na shan rana, shi ya sa tana cikin turbobin gandun da ke fara bushewa. Kimanin kilomita 5 da rabi ce zuwa da dawowa, hawan mita 300, tafkin na kusa da mita 2,700. Ɗan ƙaramin tafki ne a cikin kwarmin dutse, babu rafin da ke shigarsa ko fita daga cikinsa, ruwan sama da narkakkiyar dusa ne kawai. Abin kallon na bayanku ne yayin hawa: duk inda kuka juya ga Longs Peak, mita 4,346, fari fat, kwarin Estes a tsakaninku. A ganina wannan kallon ya fi na Emerald Lake a Afrilu, domin a can tafkin ma ba za ku gan shi ba, farin fili ne kawai. Kashi na ƙarshe na turbar na ratsa matsatsi tsakanin duwatsu inda ƙanƙara ke daɗewa, don haka ku tafi da sarƙar takalmi. Ana biyan kuɗin shiga gandun, ka duba shafinsu kafin ranar domin ƙa'idar kan canja. Tsarin kama lokacin shiga tun daga gida sai ƙarshen Mayu yake farawa.

Sarƙar takalmin nan roba ce mai sarƙa da haƙoran ƙarfe da ake ja a saka a ƙasan takalmi, irin MICROspikes na kamfanin Kahtoola. Ba ta kai dala 100 ba, kuma a Estes Park akwai shagunan da ke ba da haya ta yini. Daga Nuwamba zuwa Mayu ba na fita babu ita a jaka. Ka haɗa da sanda biyu, ko ɗaya ma ta taimaka.

In ka ce lallai sai Emerald Lake, ba zan ce haramun ba, mutane na zuwa kowace rana. Amma ka san abin da za ka tarar. Turbar gajeriya ce: mita 800 zuwa Nymph Lake, kilomita 1.8 zuwa Dream Lake, kusan 3 zuwa Emerald. Dusar a Bear Lake kan haura mita ɗaya a Afrilu, kuma abin da ake takawa wata siririyar hanya ce da ƙafafu suka danne a samanta. Da sassafe, bayan daren da ya daskare, tana da tauri kamar daɓe, da sarƙa a ƙafa tafiyar har daɗi gare ta. Rana na ɗagawa sai ta fara sakin jiki. Wata shekara a farkon Mayu na bari muka makara, sai 11 muka fara. Hawan lafiya. A dawowa dusar ta zama kamar kunu mai kauri, taku uku mutum ya nutse har cinya. Ɗaya daga cikinmu ƙafarsa ta shige tsakanin duwatsun da ke ƙasa, ya zaro ta babu takalmi, muka yi ta tono da hannu yana tsaye da safa jiƙaƙƙiya. Saukowar da ba ta wuce minti 50 ba ta ci mana fiye da sa'a biyu, kuma da ƙafar ta karye a wannan ramin da labarin ya bambanta. Tun daga ranar, in zan taka dusa a bazara, ƙarfe 7 nake so ta same ni a turba, 11 kuma ina hanyar mota.

Akwai haɗari biyu a can da ba a gani a hoto. Na farko tafkunan. Da hunturu mutane na ratsa Dream Lake ta kan ƙanƙara, sawunsu na nan har Afrilu, sabon zuwa sai ya bi yana zaton hanya ce. Ƙanƙarar bazara ruɓaɓɓiya ce, musamman inda ruwa ke shiga da inda yake fita. Ku bi gefe. Na biyu zaftarewar dusa. Tana faruwa ne galibi a gangaren da ke tsakanin digiri 30 da 45, kuma ba sai kana kansa ba, zama a ƙarƙashinsa ma ya isa. Emerald Lake na gindin Hallett Peak da Flattop, gangare ne masu tsayi ta kowane gefe. A bazara zafin rana ke jiƙa dusar ta yi nauyi ta sulluɓo, shi ya sa bayan Azahar ya fi hatsari. In ka ga ƙananan dunƙulen dusa na gangarowa da kansu suna naɗewa kamar gammo, ko takalminka na nutsewa ya wuce idon sawu cikin dusa mai ruwa, lokacin barin wurin ya yi. Cibiyar CAIC ta jihar na fitar da hasashen zaftarewa kowace rana, daga mataki na 1 zuwa na 5. Da baƙo a tare da ni, in ya kai 3 ba na wuce Dream Lake, sau da yawa ma a nan nake tsayawa ko da 2 ne.

Daren Juma'a ka duba abubuwa uku a waya. Hasashen yanayi na wurin da za ku, ba na Denba ba, ka ga ko daren zai sauka ƙasa da sifili, domin in bai daskare ba dusar tun safe za ta yi laushi. Sai ko an yi sabuwar zuba cikin kwana biyu da suka wuce, in an yi, ko Sanitas ka ba ta kwana ɗaya ko biyu. Sai shafin hukumar da ke kula da filayen Boulder, domin sukan rufe turbobin da suka yi laka. Don Bear Lake akwai na'urar auna dusa ta SNOTEL, tana nuna zurfin kowace rana. Kan lakar nan, in kun tarar da ita ku bi ta tsakiyarta. Kaucewa ta gefe ke kashe ciyawa yana faɗaɗa turba, kuma mutanen nan na jin zafin hakan ƙwarai.

Sutura: kada Yaya ya sa auduga a jikin fata, ko wandon jins, balle shadda. Auduga in ta sha gumi ba ta bushewa, iska na bugawa sai sanyi ya shiga ƙashi. Riga ta roba irin ta 'yan wasa a ciki, ta ulu a kai, sai mai tare iska a jaka. Takalmi mai tudun ƙasa da ya riga ya saba da ƙafa, safa ta ulu da wata a ajiye, hula da safar hannu. Tabarau mai duhu dole ne in za a taka dusa, domin sabuwar dusa na mayar da kusan kashi 80 cikin ɗari na hasken da ke ƙona ido, mutum ba ya ji sai dare ya yi idon ya kama raɗaɗi kamar an zuba yashi. Baƙar fata ma na ƙonewa a can sama, leɓe kuma na tsagewa fiye da na hunturun gida, ku tafi da man shafawa. Ruwa lita ɗaya da rabi kowannenku, shayi a fulas, dabino da gyaɗa.

A ƙananan turbobi irin Sanitas, macizai masu kacau-kacau a wutsiya na fara fitowa shan rana daga Afrilu, kada a sa hannu a ramin dutsen da ido bai gani ba. Kaska ma lokacinta ne, ku duba jikinku in kun dawo. Ka gaya wa mutanen gida sunan turbar da lokacin da za su ji ku. In wani abu ya faru ka kira 911 ba tare da jinkiri ba. Masu ceto a duwatsun Boulder 'yan sa-kai ne, ƙungiyarsu Rocky Mountain Rescue Group na wannan aikin tun 1947, kuma ba sa karɓar kuɗin ceto, don haka kada tsoron biya ya sa ku jira dare.

Kafin ku fito daga mota, ku yanke ƙarfe nawa za ku juya ko kun kai ko ba ku kai ba, kai ne kuma za ka riƙe agogon. Yaya baƙo ne, kuma babba ne, da wuya ya buɗe baki ya ce wa ƙaninsa ya gaji. Ka sa shi a gaba, ka bi takunsa, ka riƙa jansa da hira. In ka ji ya daina iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya ja numfashi, ka ce kai ne kake son shan shayi, ku zauna.